ABIN DA MUKA GANI A RUWAN ZAFI NA TAFADEK

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a madadin 'yan'uwan da suka yi tafiyar)

 

Kamar yadda kuka sani, a zaman da ya wuce kwamitin taimakon marasa lafiya ya kawo shawarar a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya, a ɗauki shatar mota, a kai dattawanmu shida masu fama da ciwon gwiwa da na baya can Tafadek, ƙasar Abzin, su yi wankan ruwan zafi. An yi muhawara har murya ta ɗan tashi. Sai shugaba ya ce tunda a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa taka wurin da ƙafarsu, to kada a ɗaga hannu sai sun zo sun faɗi abin da idonsu ya gani. Shi ne dalilin tsayuwarmu a gabanku yau. Mu ba likitoci ba ne, ba kuma 'yan boko ba ne. 'Yan kasuwa ne masu harkar kanwa da dabino da albasa, karatunmu kuwa na Islamiyya ne. Saboda haka in mun yi kure a gyara mana.

Mu huɗu ne muka yi tafiyar, a watan Disamba na 1444 Hijira, wato ƙarshen 2022: mu biyu 'yan kasuwa, da direbanmu, da Baffa wanda dominsa aka tashi. Ga shi nan zaune a sahun gaba, kuma ya ba mu izini mu faɗi kome, har da abin da ba ya son a faɗa. A lokacin ya shekara biyu ba ya iya sujada, a kan kujera yake salla, saboda sanyin ƙashi ya kama masa gwiwoyi duka biyu. Maigidanmu na Agadas, wato wanda muke sauka wurinsa in mun je sayayya, shi ya daɗe yana ce mana mu kawo tsohon nan Tafadek. Da magana ta kai kunnen Baffa kuwa, ai shi ke nan, ba mu sake samun sukuni ba.

Bari mu fara da hanya, domin masu kawo shawarar nan ruwan kawai suke hange, ba su hangi abin da ke tsakaninmu da shi ba. Daga nan Keffi muka kwana Kano. Daga Kano muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, sai Matamaye, sai Damagaram, muka sake kwana. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne, ta Tanut da Adarbisinat, kuma tun daga Tanut ido zai fara gaya maka ka bar ƙasar noma. Itatuwa su yi ta gajarta, garuruwa su yi ta nisa da juna, sai raƙuma da rijiyoyi. In aka haɗa duka, daga ƙofar gidan Baffa zuwa bakin ruwan ya haura kilomita 1,100. Ga shingayen jandarmomi, kowane sai an sauka an nuna takardu, kuma mai ciwon gwiwa kowace sauka da hawa azaba ce a gare shi.

Wani abin dariya, ga wanda bai taɓa shiga Nijar ba. Lissafin kuɗinsu ba irin namu ba ne, da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka ashirin, to sefa 100 yake nufi. In an ce jikka, sefa 1,000 ke nan, ba jakar nan tamu ta da mai Naira 200 ba. Direbanmu ya kusa yin faɗa da mai gurasa a Tanut a kan wannan, yana ganin an cuce shi, alhali shi ne bai iya lissafi ba.

Agadas ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe, Hausa ake yi a kasuwa, sai dai harshen ya ɗan karkata. Mun kai Baffa ya ga babban masallacin nan mai doguwar hasumiya ta laka, tsawonta mita 27, wanda aka fara ginawa wajen 1515 aka kuma sabunta a 1844. Tun 2013 ma hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Kwana biyu muka yi, Baffa ya huta, maigida ya samo mana mota mai ƙarfi irin ta shiga rairayi, da ja-gaba Ba'abzine wanda ya san duwatsun nan kamar yadda muka san layukan kasuwar Keffi. Tamu motar a nan muka bar ta, don an gaya mana ko kusa ba za ta kai ba.

Tafadek na arewa da Agadas, wajen kilomita 80. In ka ji haka sai ka ce ai bai wuce tafiyar awa guda ba. Ina! Da fari dai an bi hanyar Arlit, sa'an nan aka ratse ta wajen Cirozerin, garin da ake haƙar kwal ana samar da wutar lantarki. Daga nan kuma sai Allah. Wani wuri tsakuwa da duwatsu baƙaƙe kamar an ƙone su, wani wuri busasshiyar ƙorama cike da yashi mai laushi wadda in mota ta yi sanyin gudu sai ta zauna. Ta kuwa zauna mana sau biyu. Aka rage iskar tayoyi, aka tona, aka shimfiɗa ƙarafa, muka tura har numfashi ya ƙare. Ja-gaba ya kuma gargaɗe mu kada direba ya kuskura ya bar sawun motocin da suka riga mu don neman yanke, domin a tawayen da aka yi a yankin daga 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a wasu hanyoyin Abzin, kuma shi dai har yau bai yarda da wurin da bai ga sawu ba. Wayar hannu kuwa, tun da muka shiga tsakanin duwatsu ta zama agogo.

Da muka isa, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ƙanƙantar wurin. Mu da muka yi kwana da kwanaki muna tafe, mun zaci za mu tarar da wani tafki. Ashe idon ruwa ne kawai ke ɓuɓɓugowa a cikin kwari tsakanin duwatsu, an yi 'yan gine-gine an tare ruwan a kwarmi inda mutum zai shiga ya zauna, maza da nasu lokaci da wuri, mata da nasu. Kewaye kuwa goruba da 'yan bukkoki da rumfunan masu jinya. Amma fa jama'a, da asuba, lokacin da sanyin hunturun hamada ke ratsa bargo biyu, ka fito ka ga tururi na tashi daga ƙasa a wurin da ko ciyawar kirki babu, ba wuta, ba tukunya, ba mai hura ta, wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Mun daɗe a tsaye ba wanda ya ce uffan.

Mun tarar da mutane daga wurare da dama. Ga na Damagaram, ga na Maraɗi da Tawa, ga kuma namu 'yan Najeriya, Sakkwatawa da Kanawa. Mafi yawa ciwon gaɓɓai ne ya kawo su, sai masu ƙaiƙayi da cututtukan fata. Kowa da guzurinsa ya zo, gero da shinkafa da gawayi da shayi, don ba kasuwa ba ce da za ka ce bari in aika a sayo. Da dare a zauna kewaye da wuta, Abzinawa su dafa shayin nan nasu mai hawa uku, a kawo cuku da dabino, kowa ya kawo labarin ciwonsa. A nan muka ji labarai iri-iri, wane ya zo a kan jaki ya koma da ƙafarsa, wance ta zo da sanda ta bar ta a nan. Mu dai ba mu ga waɗannan mutane ba, labarinsu muka ji. Kuma mun lura ba wanda ke ba da labarin wanda ya zo ya koma yadda ya zo.

Ranar farko wata 'yar gardama ta tashi a kan alwala. Ruwan yana da ɗan wari da ɗanɗano nasa, ba kamar na rijiya ba, sai wani bawan Allah ya ce ai ruwan da ya jirkita ba ya tsarki. Nan karatun Islamiyya ya yi rana. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Ishmawi ya san an yi bayanin wannan: ruwan da ya canza saboda ƙasar da yake kwance a kai ko ma'adinin da yake bi ta kansa, kamar gishiri ko farar wuta, yana nan da tsarkinsa. Malamanmu na nan, in mun kauce su dawo da mu. Sai dai bayan mun dawo wani likita ɗan unguwarmu ya ƙara mana wani abu da ba mu sani ba. Ya ce tsarki daban, lafiya daban. A irin wannan ruwa mai ɗumi akan sami wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda shanta ba ya kome, amma in ta shiga ta hanci tana iya hawa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ta kama da wuya ya tashi. Ya ce ba kasafai take faruwa ba, amma tunda alwalarmu akwai shaƙa ruwa, gara a yi ta da ruwan da aka tafasa ya huce, kuma mai wanka kada ya nutsa kansa ciki. Mu kuwa kwana huɗu muna shaƙa. Allah dai Ya tsare.

Wata gardamar kuma ta me ke dafa ruwan ce. Wasu suka ce aljanu ne ke hura wuta a ƙarƙashi, wasu suka ce wani waliyyi ne ya taɓa dukan wurin da sanda. Mun kawo maganar wajen wani ɗanmu da ke karatun ilmin ƙasa a jami'ar nan ta Keffi, bayaninsa kuwa ya shiga kai. Ya ce cikin ƙasa zafi gare shi, duk kilomita ɗaya da aka nutsa zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yakan bi tsagar duwatsu ya gangara can ƙasa sosai, ya yi shekaru yana ɗaukar zafi yana narkar da ma'adinai, sa'an nan in ya sami wata tsagar da ta miƙe zuwa sama sai ya taso da sauri kafin ya huce. Ya ce ba a Abzin kaɗai ake samun haka ba. Ga Wikki a gandun dajin Yankari cikin Jihar Bauci, wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 rani da damina. Ga wanda ake kira Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa, ga Ikogosi a Ekiti inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa. Sa'an nan ya yi dariya ya ce, Baba, ai ko a jiharmu akwai, a Akiri cikin ƙaramar hukumar Awe, can yankin da ake dafa gishiri. Muka ji kunya. Mun shekara fiye da ashirin muna sayen kaya a wannan yanki, ba mu taɓa tambaya ba. Ku riƙe sunan Akirin nan, za mu dawo kansa.

To yanzu ga maganar Baffa. Gaskiya ɗaya ce, ruwan ya yi masa aiki. Ranar farko da aka tallafa masa ya shiga, sai da ya yi kabbara don zafi, amma da ya fito ya ce gwiwar kamar an kwance mata ɗauri. A rana ta biyu ya taka daga bukka zuwa bakin ruwa ba sanda. A rana ta uku, da la'asar, mutumin nan ya kai goshinsa ƙasa ya yi sujada, abin da ya shekara biyu bai yi ba. Ya ɗago yana hawaye, mu ma sai da muka juya baya. Duk wanda ya ce muku ruwan Tafadek ƙarya ne, to bai je ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ashe tun daga Agadas Baffa ya daina shan maganinsa na hawan jini, bai gaya wa kowa ba, wai ba ya son ya haɗa magani biyu ɗaya ya karya ɗaya. Da ya ga sauƙi kuma sai zari ya shiga. Masu kula da wurin sun ce a riƙa shiga kaɗan-kaɗan ana fitowa ana hutawa ana shan ruwa. Rana ta huɗu ya riga kowa tashi, ko karyawa bai yi ba, ya je ya zauna a ciki har ba mu san iyakar daɗewarsa ba. Da ya miƙe zai fito sai jiri ya kwashe shi, ya faɗi ya fasa goshi a bakin kwarmin. Ba don wani Bamaraɗe da ke jiran layi ya ji ƙarar faɗuwar ya leƙa ba, da fuskarsa a cikin ruwa za a same shi.

Jama'a, a wannan safiya muka san ma'anar nisa. Ga tsoho kwance, ya farfaɗo amma magana ba ta fita sosai, jini na zuba, ba waya, ba wanda zai auna shi. Kilomita 80 ɗin nan da muka yi ta raha a kansu wajen zuwa, a wajen komawa kowane dutse sai da muka ji shi a ƙirjinmu. Ɗayanmu ya rungume kansa a cinya, muna ta salati, direba na tsoron gudu don girgiza yana kuma tsoron sanyin gudu don yashi. Sai bayan azahar muka shiga Agadas. A asibiti aka ɗinke goshin, aka auna jininsa aka tarar ya hau ƙwarai, aka riƙe shi kwana uku. Bayanin da aka yi mana shi ne kuskure biyu ya haɗa. Zafin ruwa yana buɗe hanyoyin jini, ga gumi ya zuba ba a mayar ba, ga ciki wayam, to da ya miƙe farat ɗaya sai jini ya kasa kaiwa kai. Barin magani kuma ya bar shi cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Har ila yau an ce ko wanda ke shan maganinsa daidai, in ya daɗe a ciki zafin da maganin na iya haɗuwa su kayar da shi. Wato ba abu ne da mutum zai tsara wa kansa ba.

Ba Baffa kaɗai ba. A can mun ga wani mai ciwon suga da ƙafafunsa suka riga suka mutu ba ya jin zafi, ya tsoma su kusa da inda ruwan ke fitowa, bai sani ba har suka saluɓe. Kun san kuwa gyambon mai suga yadda yake. A cikin dattawa shida da kwamiti ya rubuta, mun tambaya a asirce, huɗu na da hawan jini, biyu na da suga. Ba za mu faɗi suna ba, kowa ya san kansa.

Sauƙin da Baffa ya samu ya ɗauke shi wajen wata biyu. Da damina ta faɗi sai gwiwa ta koma gidan jiya, kujerar salla ma ga ta can an zo masa da ita. In kun tambaye shi zai ce muku sujadar wata biyun nan ta fi masa kuɗin da aka kashe, kuma ba za mu yi masa musu ba, don shi ya san abin da ya ji. Amma wancan kuɗin aljihunmu ne. Wannan da ake magana a kai kuɗin marayu ne da na haihuwa da na likkafani, wanda mai tura baro da mai sayar da ƙosai suka tara da Naira ɗari-ɗari.

Bugu da ƙari, hanyar 2022 ba ita ce ta yau ba. An cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, Naira kuma ta faɗi a gaban sefa, duk mai zuwa sayayya ya san abin da muke nufi. A ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. A watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Mu da ke bin hanyar don neman abinci, kafin kowace tafiya sai mun kira maigida mun ji wace takarda ake karɓa a shinge da kuma lafiyar daji. Wannan kuwa ga lafiyayyen mutum ke nan mai iya kwana a tasha.

Saboda haka shawararmu, mu da muka je, ita ce kada a fitar da kuɗin nan don Tafadek a bana. A ɗauki kaɗan daga ciki a kai dattawan shida asibiti a auna jininsu da sugansu, a tambayi likita ƙarara wa zai iya shiga ruwan zafi, na minti nawa, wa kuma bai kamata ya kusance shi ba. Waɗanda aka yarje wa, a fara gwada Akiri. Daga nan sai Akwanga, sai Lafiya, sai a gangara yankin Awe, ba iyaka, ba canjin kuɗi, kuma in wani abu ya faru asibiti na kusa, 'ya'yan mutum na kusa. Mu biyu mun ɗauki alkawarin za mu riga zuwa da kuɗinmu, mu ga hanyar, mu gaisa da masu gari mu nemi izininsu, mu ji ko akwai zaman lafiya a yankin a wannan lokaci, mu kawo muku rahoto a zama mai zuwa. Wanda kuma zuciyarsa ta kafe sai Tafadek, kuma yana da halin kansa, ba mu hana shi ba. Ya same mu a shago mu haɗa shi da maigidanmu, ya tafi da sanyi ba da bazara ba, ya tafi da ɗa ko ƙane mai ƙarfi wanda zai zauna a bakin kwarmin yana kallon agogo, ya kuma ƙirga ƙwayoyin maganin tsohon da hannunsa kowace safiya.

Shugaba, iyakar abin da muka gani ke nan. Dabinon da ke zagawa a faranti na Agadas ne, a ci a yi mana addu'a, masu suga dai a ɗauki ɗaya-ɗaya. Mun ga Baffa tun ɗazu yana ɗaga sanda yana son ya kare kansa, to a miƙa masa lasifika.